Ɗantala Ba Ya Awo

Ɗantala na Yola, ta Ƙaraye fa, manomi ne ɗan manomi, kuma abu guda yake tinƙaho da shi a duniya: tunda aka haife shi bai taɓa tsayawa gaban mai awo ba. Dawa, gero, masara, duk daga rumbunsa suke fitowa. Sau ɗaya ya je cin rani Kano yana saurayi, da ya ga har tuwo sayarwa ake yi, ya tattara komatsansa ya dawo, wai garin ba tausayi. A gida ya auri Zinariya, ya aurar da 'ya'ya, ya yi furfura.

Tsufa kuma ya zo masa da jarabar rediyo. Ranar da aka yi muhawara kan ko Najeriya za ta iya noma hatsin da zai ci da ita, zumbur ya miƙe a majalisa.

"Za ta iya mana! Ni wa ke ci da ni? Kowa ya yi irin nawa, magana ta ƙare."

Taubashinsa Gwadabe tela, wanda awo ya zame masa jiki, ya tuntsire da dariya. "Kai dalla zauna! Ana maganar miliyoyin bakuna, kana kawo mana zancen rumbunka?"

"To ku shaida," in ji Ɗantala, yana dukan ƙirji. "In aka gan ni da buhun awo kafin kaka, a canja mini suna."

Kash! Shekarar nan ce 'yarsa Munawwara ta zo wankan jego da 'ya'yanta reras, ƙaninsa ya yi suna, maƙwabta suka yi ta aiko ƙwarya. Ɗantala ko a jikinsa, tunda shi kaɗai ke hawa rumbu, kuma kullum ya leƙa damma na nan jibge. Sai tsakiyar marka, ya dira ciki zai ɗauko dami, ƙafarsa ta nutse har gwiwa. Ashe gara ta biyo ta ƙasa ta cinye, na sama ne kawai ke rufa asiri. Ya zauna daɓas cikin ƙaiƙayi yana salati, wallahi har da ƙwalla.

"Malam, yau me za a ɗora?" Zinariya ta tambaya daga ƙasa.

Kunya dai ba za ta hana jikoki kuka ba. Ya naɗa rawani har hanci, ya hau babur, ya tsallake kasuwar Ƙaraye ya nausa Rogo, inda a zatonsa ba wanda ya san shi. An gama auna masa dawa ke nan, yana kiciniyar ɗaure buhu, sai ya ji murya a ƙeyarsa.

"A'a! Sannu da zuwa, Najeriya."

Gwadabe ne, ya zo sarin yadi. Ɗantala ya san kafin la'asar labarin ya zaga gari, har matan da ke bakin rijiya.

Gwadabe ya dube shi, ya dubi buhun, dariyar ta maƙale. Sai ya sunkuya ya ciccibi kayan ya aza a nasa babur.

"Ni kowa ya saba ganina da buhu," ya ce. "Yi gaba abinka. Zan shigar wa Zinariya ta ƙofar baya."

Ɗantala ya sauke rawani. "Gwadabe, ban san da wane baki zan..."

"Rufe mini baki, tsohon banza. Gobe ka fito majalisa ka ce za ta iya, ni kuma in ce ƙarya kake. In ka yi shiru, da wa zan yi musu?"