Fidar Goggo

A gidanmu na Ƙofar Ran mace ba ta ɗaukar ɗanta na fari a gaban mutane. Kakanninmu sun ajiye sandar kiwo sun shigo gari tun kafin a haifi Baffa mahaifina, shanun sun ƙare, Fulatancin ma ya rage sai na gaisuwa da na faɗa, amma kunyar ɗan fari ba ta je ko'ina ba. Ba kya faɗin sunansa, ba kya yi masa wasa, in ya yi kuka ki kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne, sai wata babba ta ɗauko shi ta ɗora miki a cinya ta ce ki ba shi nono.

Ni kaina 'yar fari ce. Ana yaye ni sai Goggo, yayar Baffa, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, ta goye ni ta kai ɗakinta, kuma a can na tashi. Tsakar gidanmu ɗaya da Inna da ta haife ni, amma har na yi aure ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in miƙo mata ludayi sai ta ce, "'Yar Goggo, miƙo abin nan," idonta a kan tukunya. Ban taɓa jin haushin hakan ba. Goggo ce ke yi mini kitso, ita ke ɓoye mini ƙanzo, ita ta yi kuka ranar da aka kai ni ɗakin miji a Fadaman Mada.

Da na haihu aka dawo da ni gida wankan jego, aka sauke ni a ɗakin Goggo. Haihuwar ta zo da wahala, na zubar da jini sosai, amma da aka nuna mini yaron sai na ji duk wannan ba komai ba ne. Na san dokar gida, na kuma bi ta yadda ya kamata. 'Yan barka suna cewa ga hancin ubansa, ga goshin Baffa, ni kuwa ina kallon bango kamar an yi rubutu a jikinsa. Sai dai tun ranar farko na gano ƙofar da dokar ta bari a buɗe. In ana shayarwa ba mai cewa kin yi rashin kunya. Sai in ja mayafi in rufe mu mu biyu, in shinshina kansa, in murza 'yan yatsunsa, in faɗi sunansa a hankali yadda ko ni da ƙyar nake ji. Wannan lokacin kaɗai ne nawa a duk yini, kuma nakan ja shi iya yadda zan iya.

Amma nonon bai kawo yadda ake so ba. Yaro ya tsotsa ya tsotsa, ya saki, ya fasa ihu. Ƙyallayen da ake ɗaura masa su daɗe ba su jiƙe ba. Inna ce ke dama kunun kanwa, kullum sai ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta wuce, ni kuma in sha har in ji kamar zai fito mini ta hanci. An gasa nama, an kawo romo, an kawo fura da nono mai kyau, duk na tura. Ƙirjina dai yana nan kamar an yi masa rowa.

Ranar awo muka shiga keke ni da Goggo zuwa asibiti, ita ce da goyon. Malamar da ta ɗora shi a sikeli ta duba katinsa, ta dube ni, ta ce yaron nan ba ya ƙaruwa. Irin mutanen nan ce da Hausarsu ba ta raba mace da namiji, amma maganarta a fili take.

"Maman yaro, ka ji ni da kyau," in ji ta. "Za a ƙara mishi madarar gwangwani, amma nono ne farko. Ya sha wannan gefe, ya sha wancan, sannan a ƙara mishi kaɗan. Ruwan a tafasa shi. Kuma a ba shi da ƙaramin kofi da cokali, don in ya saba da roba zai iya ƙin nonon. In ya daina tsotsa kuwa, ɗan abin da ke akwai ma zai ƙafe."

Na ji kowace kalma. Goggo kuwa kalma ɗaya ta ɗauko daga asibitin nan, wato madara. Kafin la'asar maigidana ya aiko da gwangwani, kafin magariba Goggo ta sa an sayo mata fida, kwalbar nan mai robar tsotsa a baki, har da hoton ɗan zomo a jiki. Ta ce kofi da cokali na ba da magani ne, jikanta ba maras lafiya ba ne da za a riƙa yi masa ɗure.

Gaskiya yaron ya sha, kuma ya yi barci irin wanda bai taɓa yi ba tun da ya zo duniya. Na yi hamdala har cikin raina. Sai dai ko kwana biyu ba a yi ba na fara tsanar kwalbar nan, da zomon da ke jikinta, da hannun da ke riƙe da ita.

Goggo ta mai da abin sana'a. Ta ware tukunya ta musamman don dafa fida, ta ƙwace flas ɗin Baffa, ta koyi ɗiga madara a bayan hannu don ta ji zafinta. Da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma a gindin lemon tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ta kwantar da shi a hannu tana yi masa kirari. Ni kuma ina ɗaki, jikina yana tururin ruwan wanka, ina leƙe ta gefen labule. Abin da ya fi ci mini rai shi ne idonsa. In yana shan nono rufe ido yake yi yana fama, in yana shan fida kuwa sai ya buɗe su tar a kan fuskar Goggo. Kishi na ji, kishi sosai, irin mai sa kunu ya yi ɗaci a baki. Matar da ta goye ni, wadda ban taɓa yi wa kallon banza ba, ita nake harara ta bayan labule.

Har maigidana ban ƙyale ba. Shi da ba ya wuce zaure saboda surukuta, in ya zo da yamma sai a kai masa yaron tare da fidar, ya zauna a kan buzun Baffa yana ba shi, yana dariya ana jiyowa har cikin gida. Mutumin da ko ɗaura zanen goyo bai san yadda ake yi ba, yau shi ma ya zama mai shayarwa. Duk gidan nan kowa ya samu hanyar riƙe yaron ban da ni da na haife shi.

Ga kuma inda abin ya lalace. In yaro ya yi kuka, ni dole in kau da kai, haka aka koya mini. Da, kau da kan nan shi ke sa Goggo ta ɗauko shi ta kawo mini. Yanzu kuwa sai ta dube ni ta ce, "Huta abinki, mai jego, kin sha wahala," ta jawo flas. Sai ya ƙoshi ya yi gyatsa sannan ta tuna da maganar asibiti ta ɗora mini shi. Ɗan da cikinsa ya cika me zai yi da ni? Ya taɓa da baki, ya ji ba ya zuba da sauƙi kamar roba, ya juya kai. Wata rana ma ya sa ɗan hannunsa ya ture. Na ji ƙirjina yana ƙara yin sako-sako, kamar yadda malamar ta faɗa.

Na yi ƙarfin hali sau ɗaya. Akwai baƙi a ɗakin, na sunkuyar da kai na ce, "Goggo, malamar asibiti fa cewa ta yi a fara ba yaron nan nono."

Goggo ta tafa hannu tana dariya. "Ku ji mini 'yar zamani! Yau ke ce da bakin maganar ɗan fari? To ai shi ya zaɓa da kanshi, ba ki ga yadda yake ture ki ba?"

Matan suka kwashe da dariya, ɗaya har tana cewa in bari a yi arba'in tukuna kafin in fara rashin kunya. Ba da mugunta suka yi ba, na sani. Amma da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, kuma da na tafi da fidar nan na binne ta a can.

Murmushinsa na farko ma Goggo ya yi wa. Ta ɗaga murya ta sanar da duk gida, har Baffa ya leƙo daga turakarsa. Ni ina ɗaki ina jin su, ban gani ba.

Ana saura 'yan kwanaki in gama wanka, wata safiya na fito daga banɗaki na shiga ɗaki ina shafa mai, sai na jiyo Goggo a gindin lemo tana magana da wata maƙwabciya. Ta ce tunda Allah ya kawo sauƙi yaron ba ya buƙatar nono, ba sai an jira yaye ba. In na yi arba'in in koma Fadaman Mada in huta, a bar mata shi, ita ce dai za ta riƙe shi ko ba jima ko ba daɗe. Maƙwabciyar ta ce ai hakan ya yi, yarinya ma ta samu ta murmure.

Man ya tsaya a tafin hannuna. Na san wata rana za a karɓe shi, da sanin haka na girma, amma na sa rai da duk watannin shayarwa, in goya shi a ɗakina inda ba mai gani. Yanzu kwalba mai zomo ta cinye mini su gaba ɗaya. Kuma ba ni da bakin magana, don a gidan nan uwa ba ta roƙon ɗan fari.

A daidai lokacin yaron ya farka ya fara kuka. Na ji Goggo ta buɗe flas, na ji tana girgiza fida. Sai na ji wani takun, na leƙa. Inna ce ta taso daga bakin murhu, tana goge hannu a gefen zani. Matar da ban taɓa ganin ta musa wa yayar mijinta ko a kan gishirin miya ba, ita ce ta durƙusa a gaban Goggo, ta sa hannu biyu ta ɗauke yaron daga cinyarta.

"Yaya, a yi mini haƙuri," ta ce. "Wannan bai kai yaye ba."

Ba ta jira amsa ba. Ta karɓi fidar, ta kwance robar ta ajiye a kan tabarma, ta juye madarar a ƙaramin kofin shayi, ta ɗauki cokali, ta shigo ɗaki ta saki labule. Ta ɗora mini shi tana kallon gefe kamar yadda ta saba.

Ya ƙi. Ya banƙare, ya yi ja, yana neman robarsa. Ni ma sai hawaye. Inna ta matso kusa da ni, kusancin da ban tuna mun taɓa yi ba, har ina jin ƙamshin hayaƙi da kanwa a jikinta. Ta ɗebi madara a cokali ta riƙa ɗigawa a hankali a saman nonon, tana gangarowa zuwa bakinsa. Ya lasa, ya yi shiru, ya laluba, ya kama. Duk sanda ya so saki sai ta ƙara ɗigo. Da ya gama gefe ɗaya ta taya ni juya shi. Ban ce ƙirjina ya cika ranar ba, kuma har na yaye shi sai da ƙarin madara, amma daga wannan safiyar nono ne farko.

Da ya saki don kansa, ta miƙo mini kofin da cokalin.

"Sauran ma ke za ki ba shi," ta ce.

Na tallafe kansa na kai cokalin bakinsa. Ya buɗe ido tar, a kan fuskata. Inna ta zauna tana kallonmu, ba ta kau da kai ba wannan karon. A waje ba a jin komai sai Goggo tana buga murfin tukunyarta da ƙarfi fiye da kullum.

Can Inna ta yi magana, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ni an bar mini ke har yaye," ta ce. "Kuma bai ishe ni ba."

Na ɗaga kai. Ta buɗaɗɗen gefen labule ina hango ƙofar ɗakinta a ɗaya ɓangaren tsakar gida, tana kallon gindin lemon nan daidai, inda Goggo ta yi shekaru tana yi mini kitso. Ita ma ƙofar da labulenta, kuma sai ranar na lura gefensa ɗaya ya fi ɗayan dauɗar hannu.

Inna ta miƙe ta gyara ɗaurin zani ta fita. Da ta kai bakin murhu ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"'Yar Goggo, in an gama a miƙo kofin a wanke."