Kawu Kwafi-Biyu da Tsohuwar Kwamfutarsa

Auta tana aji uku a firamare ta fara jin sunan, ranar da mahaifiyarta ta leƙa taga ta ce, "Ga Kwafi-Biyu nan tafe, ku ɓoye takardunku." Yayan mahaifiyar ne. Shekara talatin ya yi yana buga wasiƙu a wani ofis, kuma bai taɓa sakin takarda ba sai ya ajiye 'yar'uwarta. Ko katin asibiti ka nuna masa, sai ya kwafa.

Da ya yi ritaya, ofis ya bar masa tsohuwar kwamfutar da yake aiki da ita. A cikinta ya tara tarihin gidansu kaf: wa ya haifi wa, ranar haihuwa, ranar rasuwa. Shi kaɗai ke da wannan lissafin dangi.

Shekarar da Auta ta gama sakandare, kwamfutar ta fara nauyi, kafin ta buɗe sai ka sha shayi ka wanke kofi. Wani tsohon abokin aikinsa ya ba shi filashi, ya ce akwai manhajar kyauta a ciki, mara nauyi, mai tashin tsofaffin injina. Kawu ya aika aka kira Auta.

Suka soka filashin, kwamfutar ta yi kamar ba ta gan shi ba. Suka sake rami, shiru. Abokin ya ce ta waya a danna wani maɓalli yayin da ake kunna ta, amma ya manta wanne.

"Danna su duka," in ji Kawu.

"Kawu, yatsuna goma ne."

A gwaji na tara wani shuɗin allo ya fito, agogonsa yana nuna shekarar da ba a ma haifi Auta ba. Da lalube suka kai inda aka tambaye su: a share komai, ko a zauna tare da tsohuwar manhaja?

"Share," in ji Kawu. "Ina da kwafi biyu."

Ta danna. Layi ya fara tafiya a hankali. Can ta ce, "Kawu, ina ka ajiye su?"

"Ɗaya a jakar sama, ɗaya a jakar ƙasa." Ya nuna fuskar kwamfutar da yatsa.

"A cikin nan? Duka biyun?"

"To ai jaka daban-daban ce, 'yar nan."

Auta ta fizge wayar wuta daga bango. Da suka sake kunnawa, babu tsohuwa, babu sabuwa, sai baƙin allo da ɗan farin layi yana ƙyafta musu ido. Kawu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ta share ne ko ba ta share ba?"

"Wallahi ban sani ba."

Kwana uku suna fama kafin manhajar ta hau, tana gudu kamar sabuwa, cikinta fayau. A ƙasan durowa suka sami wasu takardun tarihin gidan da ya buga tun shekara goma sha biyu baya. Daga nan zuwa yau, haihuwa da rasuwa duk babu.

Ya daɗe yana juya takardun, sannan ya miƙa mata biro.

"Ki bi gidajen gwaggonninki da innoninki ɗaya bayan ɗaya, ki tambayo mini ranakun. Amma don Allah kada ki ce ni na ɓatar. Ki ce ke ce kike son sani."