Baƙuwar Mota a Bakin Fili

Duk Juma'a bayan la'asar muke buga ƙwallo a bayan rumbunan kaya na unguwar masana'antu. Kusan kowannenmu wani kulob ya taɓa sallamarsa a gida, muka zo umra muka maƙale a Jidda. Da zarar baƙuwar mota ta tsaya a bakin fili, ba mai ƙara ba ɗan'uwansa ƙwallo. Kowa yanka yake yi, ko mai neman 'yan wasa ne a cikinta.

Rannan wani Balarabe ya tsaya da motarsa, ya daɗe yana kallonmu, sannan ya yafito ni. Na je ina ɓoye ɗingishin gwiwata. Ya ce yana da tirelar shinkafa da za a sauke, kuma ya ga ina da ƙarfi.

Na cire takalman ƙwallon, na shiga motar.