Jinjirin Watan da Uba Ya Gani

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin fatar nan na Challawa ya san Uba, ko bai san sunan manaja ba. Mutumin wani ƙauye ne ta wajen Ringim. Ya shigo Kano tun yana saurayi, ga shi yanzu furfura ta fito, har yau shi ne dai mai jan fata daga rami zuwa rami. Mutum ne mai haƙuri, sai dai kada ka kuskura ka ɗaga kai sama a gabansa. Nan take za ka ji tarihin kakansa, wanda ya taɓa ganin jinjirin watan azumi kafin kowa, hakimi ya ba shi riga. Rigar ta daɗe da yagewa, labarin kuwa kullum sabo.

Burin Uba ɗaya ne a duniya: shi ma ya ga wata, ya ba da shaida, a karɓa.

Don haka ya sayo madubin hangen nesa wajen 'yan gwanjo, ido ɗaya a tsage. Duk ƙarshen Sha'aban da magariba sai ya hau tankin ruwan kamfani ya fuskanci yamma. Ya ga hayaƙi iri-iri, ya ga jemagu, ya taɓa ganin leda tana shawagi har ya fara kabbara. Wata dai bai taɓa gani ba.

Bana sai ga Musbahu, ƙanin matarsa Ladi, direban tirela a Sharaɗa, ya biyo shi saman tankin da waya a hannu.

"Yaya Uba, ajiye wannan tarkacen. Manhajar nan ko rufin ɗaki ka nuna mata sai ta faɗa maka tauraron da ke bayansa."

"To ina watan?"

Musbahu ya juya wayar dama, ya juya hagu. Ƙarafan tankin sun rikita ta, sai ta nuna wata can ƙasa, daidai banɗakin ma'aikata.

"Madalla," in ji Uba. "Sauka ka ƙwanƙwasa masa, ka ce ana jiransa."

Ya mayar da madubinsa ido. Can cikin hayaƙi, ƙasa-ƙasa, sai ga shi: siriri, fari tas, a lanƙwashe. Uba ya zabura. Bai san yadda ya sauko ba. Takalminsa ɗaya ma a sama ya kwana. Musbahu na binsa yana haki har ƙofar gidan mai unguwa, inda aka idar da salla ana zaune kan tabarma.

"Ranka ya daɗe, na ga wata!"

Mai unguwa, dattijon da ba ya gaggawa ko gidansa na ci da wuta, ya dubi Musbahu. "Kai ma ka gani?"

"A waya na gani, ranka ya daɗe."

"To wayar sai ta tashi da azumi. Malam Uba, kwatanta mana naka."

Uba ya gyara tsayuwa. Wannan tambaya yake jira tun yana saurayi. "Ƙahonninsa na kallon sama. Ya ma fi na kakana kyau, domin nawa har da tauraro a tsakiyarsa."

Wani ya rufe baki da hula.

"Ya daɗe kafin ya faɗi?"

"Ai bai faɗi ba, ranka ya daɗe. Ina saukowa na waiga, ya ɓace lokaci guda."

"Daidai sa'ad da aka ɗauke wuta ke nan," in ji mai unguwa. "Jiya aka ɗora shi kan hasumiyar sabon masallacin can, da ni aka yi addu'a. Allah ya yi maka albarka, ka tabbatar mana fitilar tana aiki."

Shaida ba ta karɓu ba, kuma mai unguwa ya roƙe shi, cikin ladabi, baɗi ya huta.

Riga dai Uba ya samu. Ladi ce ta ɗinka masa ta salla, ta sa tela ya yi masa wata da tauraro a aljihu. Ya sa ta, tunda ba shi da wata. Musbahu kuwa duk inda ya gan shi sai ya ɗora wayarsa kan aljihun ya ce, "Yaya Uba, tsaya cak, manhaja ta kama shi."