Ƙofar Ruwan Lambun Baba

Sau biyu ana sace ƙofar ƙarfen da babana ke sakawa a magudana don ta juya ruwa cikin lambunsa a Jiratawa. Ya sa ta katako, ta ruɓe. Ruwa ya riƙa wuce mu, zogalen da aka rene mu da shi ya fara zubar da ganye. Tsoho ya ce ya gaji, zai bar wa wani maƙwabci lambun.

Ni kuwa sana'ata a Zariya, cikin Maraɗi, ita ce narkar da tsohuwar leda in zuba fabe na daɓen tsakar gida. Na bugi ƙirji na ce ya ba ni mako guda. Na zuba allon leda baƙi wuluk, na kawo shi a kabukabu ina hura hanci. Ruwa na bugunsa ya rabe biyu a gaban jama'a. Baba ya ja rabi guda ya zauna a kai. Wallahi zaman nan ya fi mini zagi ciwo.

Na ce ledar nan sai na yi mata jijiya, yadda magina ke cuɗa ciyawa cikin ƙasa. Na nufi Tsibiri wurin gwaggona mai tukar igiyar rama.

"Kai da ledarka mai warin tsiya," in ji ta, "mi za ka yi da ramata?"

Ta dai ba ni dami. Don gaggawa na zuba ta da danshinta, allon ya fito duk ramuka kamar masa. Na shanya wata ta bushe ƙarau, na jera zaren a miƙe, na danne. Wannan kuma ya tsage a tsaye. Na koma da shi Tsibiri raina a ɓace, amma ban da niyyar haƙura.

Gwaggo ta jujjuya shi ta yi tsaki. "Ɗan nan, ina ka taɓa ganin tabarma da kaba duk ta miƙe wuri guda? Gitta ta!"

Ta zauna ta saƙa mini ramar sako-sako. Na bar ledar ta ɗan huce don kada ta ƙone zaren, na zuba sama da ƙasa. Da ya sandare na ɗora shi kan bulo biyu na hau na yi tsalle. Ko gezau.

Ranar da layin ban-ruwa ya zo kanmu, Baba ya saka allon da hannunsa. Ruwa ya daki allon, ya yi kwana, ya shiga zogale. Da aka gama na ce mu tafi da shi gida.

"Bar shi nan," in ji Baba. "Wa zai saci shara?"

Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki hauya, bai ko dube ni ba.

"In ka ga maƙwabcin nan, ka ce mashi lambuna ba na badawa ba ne."