Baƙuwar da Ka Nema wa Masauki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Rajab, da hantsi, babban ɗanka ya kira ni ya ce Allah ya karɓi ranka a asibiti, bayan ciwon ƙirjin nan da kake ta ce mana gajiya ce kawai. Idona na kan teburin falo, inda sabuwar kwamfutar maiɗakina take cikin kwalinta, tana jiran ka zo ranar Asabar kamar yadda ka yi alkawari.

Injiniya, ni ba marubuci ba ne. Abin da na iya shi ne in zauna da yamma in rubuta wa kaina yadda yini ya wuce, kuma ko a nan ma sai na yi ta gogewa. Amma ba zan bari a yi maka ta'aziyya da bakin kowa ban da nawa ba.

Maƙwabtaka ce ta haɗa mu, larura ta mai da mu 'yan'uwa. Maiɗakina makauniya ce, malama a makarantar makafi. Da wata na'ura take karatu, doguwa kamar allon rubutun kwamfuta, mai ƙananan ƙusoshi da ke tasowa ƙarƙashin yatsunta su zama haruffa. Da ita take shirya darasi, da ita take duba jarrabawa. Lokacin da aka ba ta ita, mun jona ta a kwamfuta ta yi gum kamar dutse. Masu gyara suka ce kebul ne, wasu suka ce ta mutu. Kai ka shigo aron tsani, ka tarar da mu jugum, ka manta da tsanin.

Ba ka taɓa na'urar ba sai da ka zaunar da ni. Ka ce a cikin kowace kwamfuta akwai uban gida da ake kira kanel, shi ke tsakanin manhajoji da ƙarafuna. Ka ce in ɗauki kafar USB a matsayin ƙofar gidan baƙi. A can ƙasa akwai masu kula da ƙofar kanta, ba ruwansu da ko wane ne baƙon, su dai su shigar da saƙo su fitar. A tsakiya akwai mai gadi. Da an jona abu sai ya tambaye shi: wa ya ƙera ka, mece ce lambarka, wace sana'a kake yi? Daga nan ya juya wurin masu masauki, wato direbobi, ƙananan manhajojin da kowanne ya san yaren baƙinsa. Wasu na dangi ne gaba ɗaya: mai karɓar duk firinta, mai karɓar duk filasha, mai karɓar allon rubutu da linzami, wato maus. Wasu kuwa baƙo ɗaya tak suka sani, da lambarsa. Wanda ya fara cewa nawa ne, shi ke tafiya da baƙo.

Matsalar tamu, in ji ka, na'urar tana gabatar da kanta a matsayin 'yar dangin allon rubutu. Sai direban dangin ya yi caraf ya ɗauke ta, alhali bai san yadda ake ta da ƙusoshinta ba, nata direban kuma yana tsaye hannu rabbana. Ka shiga cikin kanel ɗin ka sa lambarta cikin waɗanda aka hana na dangi taɓawa. Ƙusoshi suka motsa. Amma ba ka yarda an gama ba, tunda ba ka iya karanta abin da ya fito. Ka rufe ido ka ce ta koya maka haruffan. Ta kama yatsanka ta ɗora, ta ce, "Injiniya, wannan ai yatsan mai faskare ne, a hankali kar ka karya min ido." Ka yi dariya har da tari. Ba ka daina zuwa ba sai da ka iya karanta sunanta da hannunka.

Tun daga nan, duk lokacin da aka sabunta tsarin kwamfutar gyaran ya goge, kai ne. Nakan zauna gefenka ina rubuta abin da ka danna, kai kuwa kana cewa, "Maƙwabci, bar haddar hanya, ka san gidan." Ban taɓa tabbatar na san shi ba.

Yanzu makaranta ta karɓi tsohuwar kwamfutar ta ba maiɗakina sabuwa, ga jarrabawa ta matso. In na'urar ba ta tashi ba, za a ba wani malami ajinta ya duba takardun, kuma ta sha faɗa min cewa ajin da aka karɓa daga hannun makaho da sunan taimako ba ya dawowa. Bayan an share zaman makokinka na buɗe kwalin. Na jona na'urar. Shiru. Na buɗe rahoton da kanel ke rubutawa, na karanta shi a hankali, na sake karantawa don ban yarda da idona ba. Ga lambarta, ga sunan wanda ya ɗauke ta, shi ne dai direban dangin nan. Na ba shi umarni ya sake ta, na kira nata. Maiɗakina ta ɗora yatsu, ta ce, "Ta farka."

Sai dai gyarana na yini ɗaya ne. Da an kashe kwamfutar an kunna, sai direban dangin ya sake ƙwace na'urar. Shiga cikin kanel ɗin kamar yadda kake yi ya fi ƙarfina, ina tsoron in taɓa in rushe har abin da ke tsaye. Ni kuma aiki na kai ni wani gari wani lokaci. Na yi kwanaki ina juya wannan a raina, har maiɗakina ta gaji da ganin damuwata, ko in ce da jin ta.

Shekaranjiya ta ce, "Baban yara, matsa. Karanto min abin da kake bugawa." Na karanta mata harafi bayan harafi, ta haddace. Jiya da safe ta kunna kwamfutar da kanta, babu ƙusa ko ɗaya a ƙarƙashin hannunta da za ta gaya mata ta yi daidai ko ta yi kuskure, ta buga umarnin cikin duhu. Ina bakin ƙofa ina kallo. Ƙusoshin suka taso. Ta ɗauki jakarta ta tafi aji. Ban san abin da zai faru ranar da aka sake sabunta tsarin ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, abin yana hana ni sukuni. Amma ajinta yana hannunta.

Allah ya jiƙanka, Injiniya, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Ya sa kowane darasi da maiɗakina ta karantar da wannan na'ura ya zama sadaka mai gudana a gare ka. Ga Hajiya maiɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙannenka, ni da iyalina muna miƙa ta'aziyyarmu. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku kamar yadda Injiniya ya tsaya wa mutane. Mu kuma idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.