Ƙulli Biyu a Igiyar Randagi

Duk wanda ya ci kasuwar Birnin Gwari a ƙarshen zamanin Turawa ya san Abarshi mai igiya. Tsoho ne dogo, siriri, yana zama a gindin tsamiya kusa da 'yan fura, ya miƙe ƙafa ɗaya yana tufkar rama a cinya. Igiyarsa kam ba a magana, ta guga ce ko ta ɗaurin kaya, sai ka gaji da ita ba ta tsinke ba. Amma yana da halaye biyu da suka sa ake masa kallon mai taɓin hankali. Ba ya ƙulla igiya. Ka saya ka ce, "Baba, ɗan ƙulle mini bakinta," sai ya miƙo maka ya ce ka ƙulla da hannunka. Sannan ba ya shan ruwan kowa. Goransa na rataye a kafaɗa, ko gidan suna ya je da shi zai sha. Masu surutu suka ce ƙyanƙyami ne, wasu suka ce tsoron sammu. Ƙarya suke yi dukkansu, kuma da sun san abin da ke cikin mutumin nan da sun kama bakinsu.

Abarshi ɗan maharbi ne. Bai gaji harbi ba, amma ya gaji ƙafa, kuma ya san hanyoyin dajin nan tun yana riƙe wa ubansa kwari. Saboda haka aka ɗauke shi ɗan aike a ofishin hakimi, ƙarƙashin magatakarda Malam Ƙasimu. Ya auri Saude, 'yar Usman maƙeri na Randagi, yarinya mai yawan dariya, wadda in ta ga ya dawo daga aike ba ta barin ya zauna sai ta miƙa masa ruwa. A kakar shekarar da za a ba da labarinta, Saude tana da cikin fari wata bakwai, an kai ta goyon ciki gidan iyayenta a Randagi. Wata biyu ke nan bai sa ta a ido ba.

Sai ga marisuwa. Haka mutane suka raɗa wa annobar murar nan da ta zo a shekarar da yaƙin Turawa na farko ya ƙare. Aka ce daga kudu ta biyo jirgin ƙasa, ta sauka Kaduna, ta sauka Zariya. Takan fara kamar murar banza, sai zazzaɓi, sai ƙirji ya toshe, kwana uku huɗu an kai mutum makwancinsa. Bature Di'o ya aiko da takarda: a riƙa zaga ƙauyuka duk mako, a kawo masa ranar da ciwon ya shiga kowane gari, mutum nawa ke kwance, nawa suka mutu. Yana so ya ga ta inda annobar take bi.

Abarshi bai san ko alif ba, don haka ya yi dabara. Ya tufka igiyoyi huɗu, kowane gari da tasa: Unguwar Dabo, Tungar Bakoji, Rugar Jaji, sai Randagi can ƙarshe. Mai ciwo ƙulli ɗaya. Mamaci ƙulli da baƙin zare a ciki. Malam Ƙasimu ya yi dariya ya ce, "Kai Abarshi, ka ga littafin da gara ba ta ci da sauri."

Ran da zai tashi ya ji kansa ya yi nauyi, da ɗan tari. Shekaranjiya ya yini a zaure da wasu 'yan dako da suka zo daga Zariya, amma wa zai tsaya lissafa wannan? Ya tauna citta, ya rataya jaka, ya shiga daji.

Ko'ina ya je lafiya lau. A Unguwar Dabo mai unguwa da kansa ya dama fura, suka sha da ludayi ɗaya. A Tungar Bakoji tsoho Bakoji ya miƙa masa ƙwaryar ruwa, ya sha, tsohon ya karɓa ya shanye saura. Haka ake yi, baƙonka annabinka. A rugar Fulani kuwa Kadijatu matar Jaji ta ba shi nono tana tsokanarsa. "Kaɗo, ka zo ƙirga mu kamar shanu? Ai ba a ƙirga mutane." Ya ce mata aikin Bature ne. Ta ce to Bature ya zo da kansa ya sha nono, ta ɗaga ƙwaryar ta kurɓe abin da ya rage. Randagi ce kaɗai bai kai ba, don an yi ruwan ƙarshe rafi ya cika. Ya komo da igiyoyinsa sumul, tarin ma ya sake shi.

Zagaye na biyu, innalillahi! Tun daga bakin gona ya san ba lafiya. Dawa ta nuna ta sunkuya, tsuntsaye suna ta ci babu mai kora. Ya shiga Unguwar Dabo da hantsi bai ji daka ko ɗaya ba. Ya bi gida gida yana sallama, wani gidan a amsa da tari, wani gidan shiru. Ya ƙulla, ya ƙulla, har baƙin zarensa ya ƙare ya zare na bakin rigarsa. Tungar Bakoji ma haka. A ruga shanu ke ta kuka, nono ya cika musu hantsa babu mai tatsa. Jaji na zaune a ƙasa kusa da sabon kabarin matarsa. Ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya ce, "Ka zo da ita babu komai, ka dawo ka cika ta."

Maganar nan ta bazu. Aka fara raɗe-raɗin cewa igiyar ɗan aike cin mutane take, wanda ya ƙulla ba ya tashi. Har an fara ambaton maita.

Ana cikin haka Bature ya iso Birnin Gwari da kansa, ya ƙaro tambaya: a kowane gari, wa ya fara kwanciya? Abarshi ya sani, don ya ji a bakin masu makoki. Malam Ƙasimu ya shimfiɗa igiyoyin a tabarma, wadda ciwon ya fara shiga a gaba, mai bi mata a baya. Abarshi na tsugune a bakin ƙofa yana ba da amsa. Unguwar Dabo, ran Laraba, mai unguwa Dabo. Tungar Bakoji, ran Juma'a, tsoho Bakoji. Ruga, ran Lahadi, Kadijatu. Bature ya ja layi a taswirarsa, ya ce wa tafinta hanyar fatake annobar take bi. Malam ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Wace hanyar fatake? Rugar Jaji ko jaki ba ya shiga. Abarshi ya dubi igiyoyin nan uku a jere, ya ga sawun ƙafarsa ne. Ran Lahadi ya sauka gidan Dabo, Talata gidan Bakoji, Alhamis ruga. Kwana uku uku a bayansa, kuma kowane wuri wanda ya sha a ƙwaryar da ya sha shi ya fara faɗuwa. Ya buɗe baki, ya tuna 'ya'yan Dabo da kwarin Jaji, ya tuna abin da ake yi wa wanda aka kira maye, ya rufe bakinsa. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma shi kansa bai taɓa kiransa da wani suna ba.

Igiya ta huɗu na gefe, ba ƙulli ko ɗaya, don har a zagaye na biyu rafi bai bar shi ya kai Randagi ba. Malam Ƙasimu ya ɗauka ya miƙa masa. "Rafi ya janye. Gobe ka je Randagi. Ka samu ka ga iyali ma."

Ya tafi, don ba a ce wa takardar Bature a'a. Amma duk hanya abu ɗaya yake juyawa a ransa: in dai a jikinsa marisuwa take, to ba zai kai wa Saude ba. Da azahar ya iso bakin rafi. Ruwan bai wuce gwiwa ba, ga gidajen Randagi can a tsallake, ga hayaƙin maƙera, har yana jiyo daka. Ya tsaya. Ya kira wasu mata masu wanki ya ce a turo masa Usman maƙeri.

Tsohon ya zo yana murmushi. "Abarshi! Lale, lale. Tsallako mana."

"Baba, ina wuni. Akwai mai ciwo a garin?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Wai daga nan za ka gaishe ni?"

Jama'a, suruki ne fa. Mutumin da ya kamata a cire takalmi tun daga nesa a durƙusa masa, shi ake ɗaga wa murya daga tsallaken rafi a gaban matan gari. Abarshi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "A yi haƙuri, Baba. Aikin Bature ne, sauri nake."

Fuskar tsohon ta canja. Kafin ya yi magana sai ga Saude. Wata ta ruga ta gaya mata. Tana tafe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da ƙwaryar ruwa da faifai a kai. Ta yi ƙiba, ta yi kyau, tana dariyar nan tata. Ba ta tsaya kunyar ubanta ba, ta tattare zane ta sa ƙafa a ruwa.

"Kada ki matso!" Da ƙarfi ta fito, kamar mai korar akuya.

Ta tsaya cak a tsakiyar rafi. Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Maigida, ko ruwa ba za ka sha ba?"

Kalma goma ta isa ya gaya mata gaskiya. Amma ga mata a bakin ruwa sun bar wanki sun zuba ido, ɗaya ma 'yar Unguwar Dabo ce da aka auro. Ya juya ya kama hanya, yana sauri har yana tuntuɓe. Da ya kai bakin daji ya waiwaya sau ɗaya. Tana nan tsaye a cikin ruwa da ƙwaryar a hannu. Ya shiga cikin itatuwa ya zauna ya yi kuka, yana gaya wa kansa ba kome, in annoba ta wuce zai zo ya durƙusa ya ba kowa haƙuri, ita kuwa ta yi masa dariya.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Bayan kwana goma sha biyu marisuwa ta shiga Randagi, aka ce wasu masu tallan gishiri suka kai ta. Kuma ciwon nan ba ya ragawa masu ciki. Ran da Abarshi ya tsallake rafin, an kwana biyu da binne Saude da abin da ke cikinta. Usman na zaune a maƙera, wuta a mace. Bai zage shi ba, da ma zaginsa ya yi. Cewa kawai ya yi, "Har ta cika tana tambaya me ta yi maka."

Ya zaga garin ya yi aikinsa. Da ya zo kan gidan surukinsa ya yi ƙulli biyu da baƙin zare. A ofis Malam Ƙasimu ya ƙirga ya ce, "Wannan ɗaya ne, Abarshi. Takardar Bature ba ta ƙirga wanda ba a haifa ba. Ka kwance ƙulli ɗaya." Abarshi ya ce Malam ya rubuta abin da ya ga dama, shi dai ba zai kwance ba. Ya naɗe igiyar ya sa a jaka, ya ajiye aikin a ranar.

Shekara arba'in ya yi bayan nan a gindin tsamiya. Bai sake aure ba. Ya yi noma kaɗan, ya yi tufka, bai taɓa fashin jam'i ba, kuma ba a yin jana'iza a unguwar bai kama haƙar kabari ba. Wani malamin asibiti ya taɓa gaya masa cewa mai mura ba ya wuce mako guda yana ba wani, bayan nan ko tare kuka sha ba kome. Mutumin yana ganin taimako ya yi. Abarshi ya zauna ya lissafa: ran da ya tsaya a bakin rafi, mako uku ke nan da tarin ya sake shi. Ashe da ya tsallaka ya sha ruwan nan babu abin da zai same ta. Kwana uku bai fito kasuwa ba.

Ko shi ya kai wa su Dabo ciwon, ko dama yana tafe ta wata hanya, Allah kaɗai ya sani. Shi dai ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Kuma takan zo masa, ba cikin barci ba, da rana tsaka. Duk mace mai ciki da ta gifta da ƙwarya a hannu sai tufkar ta tsaya masa a cinya, ya bi ta da kallo har ta ɓace.

Huraira mai fura, wadda ta yi shekaru tana zama kusa da shi a kasuwa, ita ta yi jinyarsa da ya kwanta, don ba shi da kowa. A bakinta aka ji duk wannan, kuma kaɗan kaɗan ya gaya mata. Ta ce a ƙarƙashin matashinsa ta ga tsohuwar igiya, ta yi baƙi da gumin hannu, ƙulli biyu na can ƙarshe sun yi santsi saboda shafawa.

Ranar ƙarshe da hantsi zazzaɓi ya tsananta, leɓensa ya bushe. Huraira ta girgiza goran, babu ko ɗigo. Ta fita ta ɗebo a randarta cikin ƙwarya, ta rufe da faifai. Da ta zo bakin ƙofa sai ta tuna halinsa, ta tsaya tana shawarar ta juye a goran.

Ya buɗe ido ya gan ta tsaye, hasken rana a bayanta. Ya yunƙura ya miƙo hannu biyu.

"Matso, Saude," in ji shi. "Ba abin da kika yi mini. Kawo in sha."

Huraira ba ta gyara masa sunan ba. Ta durƙusa ta tallafe kansa, ya shanye tas.